Daga Yashi Zuwa Leda: Tarihin Shimfiɗar Haihuwa a Gidajenmu na Jos



Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki a garin nan ta san takardar kayan haihuwa da malaman asibiti ke miƙa mata idan watanta ya kusa: safar hannu, audugar mata, sabulu, Jik, zannuwa, sai kuma leda. Maigida ya karɓi takardar ya nufi kemis ko Taminus, ya saya yana ƙorafin tsada, ba ya ko tambayar amfanin kowanne. Ledar nan tana cikin masu arha a jerin, kuma ita aka fi rainawa, har wasu kan ce a bar ta, ai akwai tsohon buhu a gida. To amma tana da dogon tarihi, kuma tarihin ya shafe mu, mu da ke zaune daga Tina Junction zuwa Dutse Uku da Nasarawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100 a Najeriya, 59 a gida aka yi su. Ke nan tsakar ɗaki ita ce ɗakin haihuwa mafi girma a ƙasar nan, kuma abin da aka shimfiɗa a kanta ba ƙaramin zance ba ne.

Mu fara da ɗakin kakanninmu, wanda suka baro a Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi kafin su hauro tudu. Ɗaki ne na ƙasa, kuma tsakarsa daɓe ce. Idan magina sun gama nasu, sai aikin ya koma hannun mata: a yi gayya, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a jeru da maɗaɓai ana duka ana waƙa har ƙasa ta kwanta. Bayan nan a kwarara makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wadda ke sa daɓen ya yi tauri ya yi duhu-duhu, ruwa ba ya saurin cin sa. Wadda ba ta samu daɓe ba, sai ta baje yashi mai laushi, ta riƙa sharewa tana sabuntawa.

A kan wannan ƙasar ake haihuwa, ba a kan gado ba. Mace takan durƙusa ne, shi ya sa har gobe muke cewa wance tana kan gwiwa. A janye tabarmar kirki gefe, a bar tsohuwa ko tsummokara, ko a ƙara yashi a kusurwar da za ta durƙusa. Saboda kunya, musamman a haihuwar fari da ake zuwa goyon ciki gidan iyaye, mace takan daure ta ɓoye naƙuda har sai an ji kukan jariri. Wannan ya sa aikin ungozoma ta gargajiya ya sha bamban da abin da muke nufi da kalmar a yau. Sau da yawa ba ita ke karɓar haihuwa ba, bayan an sauka ake aika mata. Ta zo ta yanke cibiya da aska ko ɓawon kara mai kaifi, ta wanke jariri, ta kai mabiyiya bayan ɗaki ta binne, sannan ta dawo kan ɗakin kansa: ta zuba toka ko yashi a kan jinin, ta kankare, ta kwashe ƙasar da ta ɓaci ta haɗa da mabiyiyar, ta wanke tsumma, ta kawo sabon yashi. Kafin maƙwabta su fara shigowa barka, ɗaki ya koma kamar ba a yi komai ba. Mai son ganin yadda rayuwar mata take a wancan zamani, da haihuwarsu da jegonsu, ya nemi littafin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954.

Me ya sa suke wannan ɗawainiya haka da sauri? Na farko addini. Duk wanda ya yi Ahalari ko Ishmawi a makarantar zaure ya san tsarkin wuri sharaɗi ne na sallah, jinin biƙi kuwa najasa ne, ɗakin nan kuma a cikinsa ake sallah. Ƙasa tana da sauƙi a nan, domin idan ka kwashe wadda ta ɓaci ka kawar da najasar gaba ɗaya. Na biyu sutura: ba a son namiji, ko da mijin ne, ya ga alamar abin da ya wakana. Akwai kuma tsoron kada jinin ko mabiyiyar su faɗa hannun mai mugun nufi ya yi asiri da su. Idan ka lura, duk dalilan nan ɗakin suke karewa, da sirrin matar. Babu wanda ya yi tunanin cewa matar ce da jaririnta ke buƙatar a kare su daga ƙasar.

Ba raina wayon tsofaffi nake yi ba, Allah ya jiƙansu, sun yi iyakar abin da suka sani, kuma tsarin nasu ya dace da ɗakin nasu. Amma ƙasa tana da cuta biyu da ido ba ya gani. Ta farko ƙwayar tsinkau-tsinkau, wadda ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru ba ta mutuwa. Gidan da akwai awaki da kaji da jaki, tsakar ɗakinsa ba ta rasa ta. Jariri ya faɗo a kan ƙasar, a yanke cibiya da askar da ba a dafa ba, a bi da gashin cibi da tsingaro. Bayan kamar mako guda, daidai lokacin da ake shirin suna, sai yaro ya ƙi kama nono, baki ya sarƙe, jiki ya sandare. A ce iska ce, ko maita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 1988 kaɗai wannan cuta ta kashe jarirai kimanin 787,000 a duniya. Allurar rigakafin da ake yi wa masu ciki a wurin awo, tare da tsaftar wurin haihuwa, su suka karya lagonta. Cuta ta biyu ita ce yashi yana shanye jini. Mace za ta zubar da abin da zai kai ta kushewa, amma a ƙasa ba a ganin komai sai ɗan danshi. Za mu dawo kan wannan.

Sai zancen Jos. Hausawa sun san kuza tun kafin Bature, ana narka ta a Liruwe. Amma a farkon shekarun 1900 ne kamfanonin Turawa suka buɗe haƙar kuza a tudun nan, mutane suka yi ta kwararowa, leburori da 'yan kasuwa da mahauta da malamai da matansu. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, su suka riƙa kawo kwano da siminti na ƙasashen waje. A barikokin kuza ɗakin ƙasa da bukka aka ci gaba da yi, amma a cikin gari sannu a hankali siminti ya kori daɓe, musamman bayan an fara yin sa a gida, a Nkalagu a 1957, a Ashaka a 1979.

Siminti ya zo da tsafta, ya kuma zo da sabuwar matsala. Ba ya sha, ba a kankare shi. Abin da ya zuba sai ya malale, ya bi ƙarƙashin gado, ya shiga tsagar da ke jikin bango, wani lokaci ya fito ta ƙofa. A gidan haya mai ɗakuna goma da famfo ɗaya a tsakar gida, ina suturar? Ina kuma bayan ɗakin da za a binne mabiyiya, alhali mai gida ya shafe ko'ina da siminti? Ungozomar birni sai ta koma tara tsummokara da buhuna da tsofaffin jaridu da kwali. Daga baya ledar tsakar ɗaki ta shigo, ga kafet, ga katifar soso wadda idan ta sha jini sai dai a jefar. Kayan ɗakin amarya suka yi tsada, kare su ya zama dalili na kansa. Kowa ya san yadda ake nannaɗe kafet a jingine katifa da bango da zarar naƙuda ta kankama, mace ta sauko kan siminti tsirara.

A nan ne Jos ta bambanta da Kano. Garin nan yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma wanda ya taɓa taka siminti da asuba a watan Disamba ko Janairu ba ya buƙatar bayani. Jariri yana fitowa ne a jiƙe, daga wuri mai ɗumi, kuma jikinsa ba ya iya riƙe zafi kamar na babba. A ajiye shi minti kaɗan a kan siminti ko a kan leda tsura, ana jiran ungozoma ta zo ta yanke cibiya, sanyi ya gama shigarsa. Daɓe da yashi, duk da illarsu, ba su kai siminti sanyi ba.

Ita kuwa shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, ta ƙofar asibiti ta shigo mana. A 1823 wani mutumin Sikotilan mai suna Charles Macintosh ya yi rajistar dabarar narka roba a manna ta tsakanin ƙyalle biyu. Rigar ruwa aka fara yi da ita, daga baya asibitoci suka mayar da ita shimfiɗar gado, kuma sunansa ne ya bi ta har yau da malaman jinya ke cewa makintosh. Tun a 1847 wani likita a birnin Biyenna, Ignaz Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu da ruwan kulorin yana hana zazzaɓin da ke kashe masu jego: a sashensa mace-mace suka sauko daga 18 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin watanni kaɗan. Kulorin ɗin nan shi ne sinadarin da ke cikin Jik. Waɗannan ilimomi biyu suka iso tudun nan tare da asibitocin mishan: na Vom a 1922, na OLA da ke hanyar Zariya a 1943, da Jankwano a 1959. A 1930 kuma gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta tsara horar da ungozomomin zamani da yi musu rajista. Da yawan matanmu ba su saki jiki da asibitin mishan ba a farko, amma malaman da aka horar a can sun zauna cikin unguwanni, ana buga musu ƙofa da dare, su zo da jaka da jar robar nan a naɗe. Daga wurinsu tsofaffin ungozomomi suka ga abin, suka ɗauka. Aibinta ɗaya: tana da tsada, don haka guda ɗaya ce ke zagaya gidaje, a ɗauraye a shanya a kai wa ta gaba.

Garin Jos ya koyi haɗarin jinin wani da tsada. A Janairun 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa zuwa Jankwano da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu. Abokiyar aikinta da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. A farkon 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta bi su. Zazzaɓin Lassa ke nan, wanda har yanzu yake dawo mana duk rani. A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Najeriya. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa kan yi mako guda da rai a cikin busasshen jini a kan daɓe ko ƙarfe. Daga nan lissafi ya canza. Tsohuwar da ke tattara tsumma da hannu tsura, da faso a tafinta, da ƙanwar mai jego da ake ba wankin zannuwa, su ma rayuwarsu tana cikin zancen. Makintosh mai yawo gida-gida ta zama abin tsoro.

Abin da ya warware wannan shi ne ledar da muka raina. A Ingila aka gano sinadarinta a 1933, ta cika kasuwanninmu daga shekarun 1970 zuwa 1980, ta yi arhar da za a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsaftar wurin da za a haihu cikin tsaftoci shida da ta ce a kiyaye, tare da ta hannu, da ta gaban mai haihuwa, da ta abin yanke cibiya, da ta zaren ɗauri, da ta kula da cibiyar bayan nan. Aka fara haɗa ƙunshi ƙarami: leda, sabulu, sabuwar reza, zare, safar hannu. A yankin Mwanza na Tanzaniya an bi sawun matan da suka haihu da irin wannan ƙunshi da waɗanda ba su samu ba, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna ciwon cibiya ya ragu ninki 13 a jariran masu ƙunshin, zazzaɓin jego kuma ya ragu ninki 3. Ba ledar kaɗai ta yi aikin ba, amma tana ciki.

Wani zai ce, mu da asibitin koyarwa na JUTH ke Lamingo kusa da mu, ga asibitin Filato, ga ƙananan asibitoci a kowace unguwa, me ya kai mu zancen haihuwa a gida? Gaskiya ne, kuma ra'ayina a fili yake: wadda ta samu hali ta haihu a asibiti. Amma mu mutanen wannan yanki mun san abin da ba sai an faɗa mana ba. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008, mun ga Janairun 2010 da Agustan 2021, lokutan da aka sa dokar hana fita, wasu ba dare ba rana. Naƙuda ba ta san doka ba. Asibitin da ke tafiyar minti goma ya zama kamar yana wata ƙasa, ga shingen sojoji, ga unguwar da kake tsoron ratsawa. A waɗannan darare matan da suka yi awo tun daga wata na uku, da kati da komai, a tsakar ɗaki suka sauka, a hannun maƙwabciya ko tsohuwar malamar asibiti mai ritaya. Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya. Ko ba rikici, ruwan Agusta da rashin mota da ƙarfe biyun dare sun isa.

Yanzu mu koma kan jinin da yashi ke ɓoyewa. Farfesa Innocent Ujah da abokan aikinsa sun duba mace-macen masu haihuwa a JUTH na shekara 17, daga 1985 zuwa 2001. Zubar jini ce kan gaba da kusan kashi 35 cikin 100, sai shigar ƙwayoyin cuta da kashi 28, sai jijjiga. Biyun farko duk suna da alaƙa da abin da ke ƙarƙashin mace lokacin da take haihuwa. A ƙa'idar likitoci, idan jini ya kai rabin lita bayan haihuwa an shiga haɗari. Rabin lita kuwa shi ne cikin ledar fiya wata guda ɗaya, ba ƙari. Matsalar ita ce ido yana yaudara, har ƙwararru kan raina abin da ya zuba, balle idan ya shige cikin yashi ko katifa ko baƙin zane.

Daga nan aka ƙera wata leda mai aljihu kamar mazurari a ƙasanta, da zanen awo a jiki, wadda ake sa wa mace da zarar jariri ya fito. An gwada ta a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Sakamakon ya fito a Mayun 2023. Inda ake kallo da ido, rabin masu zubar jini kawai ake ganowa. Inda aka sa ledar, an gano 93 cikin 100, kuma da aka haɗa da ba da magunguna gaba ɗaya nan take, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60. Abin da kakarmu ke gaggawar rufewa da toka, shi ne yau ake tarawa a karanta.

Wannan leda mai awo ta asibiti ce, kuma maganin da ke bin ta sai ma'aikaci. Amma gida ma yana da rabonsa a darasin. Ledar da ke cikin takardar awo a saye ta tun wata na bakwai, sabuwa, mai faɗin da za ta wuce mace ta kowane gefe, a ajiye ta cikin ƙullinta tare da reza da zare da safar hannu, ko da niyyar asibiti ake da ita. Idan haihuwa ta zo a gida, a share ɗaki a goge da ruwan Jik, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni shida na ruwa. Saboda sanyin garinmu, a sa tabarma ko bargo ko kwali a ƙasa, leda a kai, a naɗe bakinta ya ɗan tashi don kada abu ya malale, sannan a ɗora wankakken zane mai haske da ya sha rana da guga. Buhun taki ko na siminti ba shimfiɗa ba ne. Kaskon gawayi ya yi nisa da ledar, a bar taga a ɗan buɗe. Jariri kuma ba a ajiye shi a ƙasa: a tsane shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare. Mai gyaran wuri ta sa safar hannu, ta naɗe ledar ciki-ciki, a binne ko a ƙona nesa da yara, kada a jefa a kwata ko a rafi.

Sai dai kada a yi saurin gyaran nan irin na da. A bar ledar a ƙarƙashinta awa ɗaya zuwa biyu ana dubawa. Idan abin da ya taru ya doshi cikin ledar fiya wata, ko zane biyu sun jiƙe sharkaf, ko tana jin jiri da gumi mai sanyi, ko rabin awa ta wuce mabiyiya ba ta faɗo ba, to ba lokacin ɗora ruwan wanka ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba. A kira mai motar da aka riga aka yi magana da shi tun kafin ranar, a ɗauki katin awo don nuna wa jami'an tsaro a hanya. Ledar da zannuwan kuma kada a wanke, kada a zubar. A ƙulle su a cikin bokiti a tafi da su, malamar asibiti ta gani da idonta.